Tafinta Tsakanin Umma da Mai Tumaki

Shekarun baya, lokacin ƙaramar 'yata ko nursery ba ta fara ba, ƙanina ya ja mu wata tafiya zuwa Wales wadda har yau idan na tuna ta sai na ji raina ya ɗan sosu. Yanzu komai ya wuce, a gidanmu ana ba da labarin ana ƙyaƙyata dariya. Ni ce kawai nake dariyar da rabin baki.

Mu biyu ne a London, ni da shi. Ni ce babba, shi ne autanmu. Ina Woolwich da maigidana da yara, shi kuma yana wani ɗan tsukukun flat a Stratford. Ya daɗe da sanar da ni cewa yana neman wata Baturiya 'yar Wales da suka haɗu a wurin aiki. Na sha ganinta, yarinya ce mai natsuwa, ba ta da rawar kai. Mahaifiyarta ta rasu tun tana makarantar sakandare, mahaifinta kuma manomi ne mai kiwon tumaki a can bakin teku. Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarmu. Tun rasuwar Baba abin da Umma ta ce shi ake yi, ƙanina kuma ya rantse ba zai yi aure ba sai da albarkarta. Ita kuwa duk lokacin da aka taɓo zancen a waya, sai ta ce ba ta ji sosai, network ba kyau a Malumfashi.

Sai Allah ya kawo ta London aikin ido, ta sauka a gidana. Da idon ya warke, ƙanina ya zo ranar wata Lahadi, ya same ni a kicin, ya rufe ƙofa kamar mai shirin sata.

"Yaya, na yi booking."

"Booking ɗin me?"

"Wani otal ne a ƙauye, bakin teku, kusa da gonar babanta. Abincinsu na Wales ne amma na zamani. Umma za ta haɗu da shi a can. Ke za ki yi mana tafinta."

Na ce masa me ya hana a gayyato mutumin nan gidana, in tuƙa tuwo, a zauna a kan kafet a yi magana irin ta mutane. Ya ce tsohon ba ya iya barin dabbobinsa. Na ce to abincin fa? Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya yi sorting komai. Wannan kalma ta sorting, da na san abin da ke cikinta, da tun a kicin ɗin na maƙure shi.

Yadda muka shawo kan Umma ta shiga mota labari ne daban. A taƙaice dai ta ce za ta je, amma ganin teku za ta je yi, ba ganin kowa ba.

Muka tashi da asuba. Ni ban karya ba, saboda tsakanin shirya yara da zan bar wa babansu da ɗiga wa Umma maganin ido, lokaci ya ƙure. A hanya na ce a tsaya in sayi ko biredi ne, ƙanina ya ce, "Haba Yaya, kada ki ɓata cikinki, abinci kala-kala ne za a yi ta kawowa." Na biye masa. Muka haye wata doguwar gada, allunan hanya suka koma harsuna biyu, titi ya yi ta tsukewa har ya zama idan mota ta taho sai ɗaya ta koma da baya. Ko'ina ka duba tumaki ne a kan tuddai. Umma, wadda tun daga London ba ta ce uffan ba, ta manna fuska da gilashi. Ita ma mai kiwo ce, duk shekara tana turke raguna a bayan gida ta sayar gabanin babbar Sallah.

"Waɗannan duk na mutum ɗaya ne?"

"Na mutane daban-daban ne, Umma."

"Kuma ba mai tsaronsu?" Ta ƙara leƙawa, sannan ta ce, "An datse musu bindi." Ta koma ta jingina, kamar ta gama yanke wa ƙasar hukunci.

Otal ɗin wani tsohon gidan dutse ne a kan tudu, teku na shimfiɗe a ƙasansa. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Muka yi sallar azahar a ɗakin da aka ba mu, muka sauko ɗakin cin abinci. Yarinyar da mahaifinta suna zaune kusa da taga. Dogon tsoho ne, fuskarsa ja, ya sa wata kwat da gani ka san sai biki ko jana'iza take fitowa. Ya miƙe ya miƙo wa Umma hannu. 'Yarsa ta ɗan taɓa shi, ya janye hannun da sauri ya rasa inda zai kai shi, ƙarshe ya cusa shi a aljihu. Umma ta ce, "Sannu," ta zauna.

Aka zaunar da ni a tsakiya, Umma a dama, tsohon a hagu. Ƙanina, mai gayya, ya zauna yana fuskantata ya zama kurma. Yaron da a gida ba a jin maganar kowa sai tasa, ranar nan bakinsa ci kawai ya iya.

Mai kawo abinci ta iso da faranti na farko. Ba ma faranti ba ne, wani falalen dutse ne baƙi, a tsakiyarsa an ɗora wani abu kore-baƙi kamar kwaɓaɓɓiyar kuka, da wasu 'yan mitsi-mitsin katantanwar teku a gefe, an zuba musu farar kumfa a kai. Duka-duka bai fi loma biyu ba. Ta tsaya ta yi mana dogon bayani: ciyawar teku ce da ake tsinta a kan duwatsu, a dafa ta har ta narke, abincin kakanninsu ne. Na fassara wa Umma.

Umma ta kalli dutsen, ta kalle ni. "Gansakuka dai."

"Ciyawar teku, Umma."

"Gansakuka. Kumfar nan kuma fa, ba su ɗauraye sabulun ba ne? Tambaye shi, talauci ne ya sa suke cin wannan?"

Na juya wurin tsohon da murmushi, na ce da Turanci mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin abinci mai ban sha'awa irin wannan ba, kuma tana so ta ji tarihinsa. Ya gyara zama, ya ce tarihin gajere ne, talauci ne. Kakarsa da hannunta take tsinto ta saboda ba abin da za a sa a tukunya. Yanzu kuma masu hali ke tahowa daga birni su ci ta a kan dutse. Ya nuna kumfar da cokali ya ce wannan kam shi ma bai san mece ce ba, kuma ba ya son sani.

Na fassara. Umma ta ce, "Ai na faɗa." Ta ɗan lakata da bakin cokali, ta ce da an sa mata daddawa da yaji da ta yi miya.

Ina cikin wannan kai-kawo na ajiye wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan dutsena, don ni idan ina magana sai da hannu. A wurinsu wannan alama ce ta an gama. Kafin in juyo, an ɗauke. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Na ce a raina ba komai, gansakuka ce.

Na biyu miya ce ta wata doguwar albasa mai lawashi, a cikin ɗan kofi kamar na shayin Buzaye. Na kai cokali baki ke nan Umma ta taɓa ni.

"Tambaye shi, 'yar tasa ta iya girki, ko ita ma kumfa take yi?"

Na ce masa mahaifiyata tana tambaya ko 'yarsa ta gaji iya girkin gida. Na ƙara da cewa a al'adarmu wannan tambaya ce ta ƙauna. Na ƙara da wani abu kuma, na manta ko mene ne. Umma ta zuba mini idonta sabon aiki.

"Ke, maganata gajeriya ce, taki ta yi tsawo. Me kike ƙarawa?"

"Turanci ne haka, Umma, yana da tsawo."

"Ƙarya kike yi."

Tsohon kuma ta ɗaya gefen yana tambayata me ta ce. Na ce ta ce miyar ta yi daɗi. Da na waiwayo, miyar ta huce, wata yana ta kwanta a samanta, mai kawo abinci tana tsaye tana jira. Na miƙa mata. Kifin da ya biyo baya, wanda bai kai tafin hannun jariri ba, na samu na ci loma ɗaya. Wannan lomar ita ta ƙara tayar mini da yunwar. Kaina ya fara sarawa. Na taka ƙafar ƙanina a ƙarƙashin tebur don ya karɓe ni ko na minti kaɗan, ya ɗago ya ce, "Kina ƙoƙari, Yaya," ya ci gaba da shafa wa biredi man shanu.

Sai aka kawo naman rago. Wannan karon faranti ne na gaske, yanka mai kauri, ƙamshi ya cika wurin. Na lura tsohon ya miƙe zaune, ya ajiye hannuwa a kan tebur, yana kallon Umma kamar ɗalibi mai jiran sakamako. Ni kuwa tunanin yanka nake yi. Nama a otal ɗin Turawa, a ƙauyen da ko masallaci babu. Na kalli ƙanina, yana can yana gyara adiko a cinya.

Umma ta sa yatsa ɗaya ta ture farantin gaba. "Ba na cin mushe."

Ba sai ka ji Hausa ba kafin ka gane an ture abinci. Na yi maza na ce wa tsohon mahaifiyata ta ƙoshi, likita ya hana ta cin abu mai nauyi bayan aikin ido. Ban san wane likita ne ya taɓa faɗin haka ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ba komai. Amma jan fuskarsa ya sauka har wuya, ya ɗauki cokali ya ajiye, ya juya yana kallon teku. Na ce a raina shi ke nan, auren nan ya mutu a kan faranti, kuma ni za a ce ban iya magana ba.

Sai yarinyar ta yi gyaran murya. Ta dubi Umma, ta ce da Hausa:

"Umma, ka yi haƙuri. Rago ɗin, na babana ne. Musulmi ya yanka. Babana ya kai shi nesa, da mota. Saboda kai."

Na saki baki. Ashe ta daɗe tana koyon Hausa a ɓoye wurin wata 'yar Gana da suke aiki tare, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, shi ya sa Umma ta zama "kai". Ta koma Turanci ta ƙarasa mini bayanin. Mahaifinta ne ya zaɓi ɗan rago mafi kyau a garkensa, ya yi doguwar tafiya ya kai shi mayankar da Musulmi ke yanka, ya tsaya aka yanka a gabansa, sannan ya roƙi kukun otal ɗin ya dafa shi daban, ba giya, ba komai. Ta ce ai ta gaya wa ƙanina tun tuni ya sanar da mu.

Dukanmu muka juya muka kalle shi. Loma na bakinsa.

"Au," ya ce. "Wallahi na manta."

Ban taɓa jin sha'awar dukan babban mutum a bainar jama'a irin ta ranar ba. Na ce masa cikin Hausa, a hankali, ina murmushi saboda mutane, idan muka koma London kada ya sake ya taka gidana. Umma kuwa ba ta ko kalle shi ba. Yarinyar take kallo. Can ta jawo farantin, ta yanka naman, ta ga cikinsa ja-ja.

"Yanka ya yi. Saura dahuwa. Ce musu su mayar da shi wuta, ni ba kura ba ce."

Wannan karon na faɗa yadda ta faɗa, har da kurar, don na gaji. Tsohon ya fashe da dariya har yana buga tebur. Ya miƙa nasa farantin ya ce a haɗa da shi, shekara da shekaru yana gaya musu rago ba a cin sa ɗanye. Aka kwashe faranti uku, nawa da na Umma da nasa.

Da naman ya dawo, Umma ta ajiye wuƙa da cokali, ta yi bisimilla, ta sa hannu. Ta tauna a hankali. Ta ce in tambaye shi me yake ba dabbobinsa, don naman da ɗan gishiri-gishirinsa tun daga ciki. Ya nuna ta taga, can ƙasa, wata fadama da teku ke rufewa ya janye. Ya ce a nan suke kiwo, ciyawar da gishirinta take fitowa.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Mu sai mun sayi kanwa mun jiƙa musu. Shi an ba shi kyauta."

Daga nan aka ɓalle. Wata nawa ragon? Me ya sa yake datse musu bindi? Me yake yi wa ciwon kofato da damina? Shi kuma yana so ya san yadda tumaki ke rayuwa a ƙasar da ake wata da watanni ba ruwan sama. Ni da na yi digiri biyu a ƙasar nan, aka ce in faɗi harawa da Turanci, na rasa. Dusa ma sai da na yi ta kwatance da hannu. Umma ta fito da waya tana nuna masa hoton wani balami da ta sayar bara, ya sa tabarau yana jinjina kai. Naman nawa yana gabana yana hucewa, duk lokacin da na kai hannu sai wani ya ce, "Me ya ce?" ko "Me ta ce?"

Sai Umma ta goge hannu, fuskarta ta canja.

"Yanzu ki faɗa masa abin da zan faɗa. Yadda na faɗa. Idan kika ƙara ko kika rage, yarinyar nan tana ji." Ta dubi tsohon. "Ɗana Musulmi ne. 'Ya'yan da zai haifa Musulmi ne. Ka san da wannan?"

Na faɗa, ban sa masa ko ɗigon zuma ba. Tsohon ya ce ya sani. Ya ce shi duk Lahadi yana zuwa ɗan cocin ƙauyensu, a bayansa aka binne matarsa, kuma ba zai yi ƙarya ba, da ya fara jin labarin abin ya yi masa ciwo. Amma ba wannan ne babban tsoronsa ba. Ita kaɗai gare shi. Tsoronsa ta tafi cikin mutanen da bai san harshensu ba, jikokinsa su tashi ba su san hanyar gonar ba.

Na fassara mata yadda ya faɗa. Umma ta juya zoben hannunta.

"Ce masa ni biyu ƙasarsu ta ɗauke mini. Jikokina idan na yi musu Hausa, da Turanci suke amsa mini. Abin da yake tsoro, ni a cikinsa nake kwana." Ta juya wurin yarinyar, ta yi magana a hankali yadda za ta gane. "Ban ce ki musulunta don ɗana ba. Addu'a dai zan yi, ba mai hana ni. Amma duk hutu, ki kawo wa tsohon nan jikokinsa. Kin ji?"

Yarinyar ta ce, "Na ji, Umma," hawaye na zuba.

"Shi kuma wannan," ta nuna ƙanina da haɓa, "kin dai ga halinsa yau. Haka yake tun yana yaro. Idan kin ce kin iya, shi ke nan." Sai a lokacin ta dube shi. "Ka kira kawunka, a sa rana."

Ƙanina ya sunkuyar da kai yana ta "Na gode, Umma, Allah ya ƙara girma." Tsohon ya fito da hankici. Ni ma na share idona, na yi hamdala, na ce to yanzu dai bari in ci abincina cikin kwanciyar hankali. Na duba gabana. Faranti fes, sai ƙashi.

"Yaya, yi haƙuri," in ji ƙanina cikin raɗa. "Hankalina ne ya tashi. Na zaci nawa ne."

Abin da ya rage a tsarin abincin shi ne wani ɗan yankan burodi mai zabibi da cokali ɗaya na ice cream, an ɗora masa fure. Na cinye har furen.

An yi auren a shekarar, yanzu suna da yara biyu, kuma duk hutu suna gonar suna bin tumaki da gudu. Haushin ƙanina ya ɗauke ni kusan wata guda kafin ya sauka, shi ma don Umma ta sa baki ne.

Idan na zauna ina tunanin ranar, ba mantuwarsa ce ta fi tsaya mini ba. Tun da na zo ƙasar nan aikina ke nan, tsayawa a tsakiya. Tsakanin Umma da likita, tsakanin maƙwabciyata da ma'aikatan ƙaramar hukuma, tsakanin 'ya'yana da kakarsu. Na saba da rage wa magana kaifi kafin in miƙa ta, har na ɗauka idan ban yi haka ba duniya za ta kama da wuta. Ranar nan duk abin da na gyara bai amfani kowa ba. Tsofaffin nan biyu ba su fara fahimtar juna ba sai da na gaji na bar maganarsu ta wuce da ƙayarta. Ban daina yin tafinta ba, amma yanzu idan Umma ta ce abu ya yi muni, haka nake faɗa, in ja gefe in bar masu maganar su ƙarata.

Wannan darasin na karɓe shi. Abin da ban yafe ba shi ne, duk lokacin da aka taru aka tuno tafiyar, kowa sai ya yabi ragon nan. Umma ta ce ba ta taɓa cin nama mai daɗinsa a ƙasar Turawa ba. Ƙanina, ba kunya, ya ce shi ma haka. Sannan su juyo su ce, "Ko ba haka ba, Yaya?" Ni dai sai in ce su tambayi wanda ya ci kashi biyu.